Ciwon da Ba a Faɗa a Zaman Makoki

A watan Afrilun 2022, ana cikin azumi, kwalekwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana da suka fita neman itacen girki. An tsamo gawa 29, galibinsu yara da matasa. Shekara ta zagayo da kaɗan, a watan Mayun 2023, aka sake yin irinsa a Dandeji, duk a ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato: yara aƙalla 15, kusan dukansu 'yan mata, su ma itace suka tafi nema. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da ya biyo baya ba sai an faɗa masa ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, dangi na kusa da na nesa sun yi ta sallama, maƙwabta sun ɗauke wa masu rashi girki. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, masu yin ta arba'in sun yi. A wannan fage babu baƙon da zai koya wa Basakkwace yadda ake riƙe wanda aka yi wa mutuwa.

Wahalar tana farawa ne bayan an naɗe tabarmi. Wata uku, wata huɗu, kowa ya koma gonarsa, uwar yarinya kuwa har yanzu barci ya ƙi, abinci ba ya shiga, in ta hangi sa'o'in ɗiyarta suna dawowa daga makarantar allo sai ta shige ɗaka. Ba ta da bakin magana, domin an riga an ba ta haƙuri, ta kuma amsa. Sake tayar da zancen zai sa a ce ba ta yarda da ƙaddara ba. Abin da za ta iya faɗa ba tare da an zarge ta ba shi ne na jiki: kaina na sara, gabana na faɗuwa, jikina ya mutu, wani abu na yawo a bayana. Da wannan za ta aika kemis, a haɗo mata maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. In bai yi ba a karɓo rubutu, a yi tofi, a kira mai ruƙiyya. Ba wanda zai kawo zancen asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa na Kware, saboda a bakin jama'a Kware ta wanda ya tuɓe ya shiga kasuwa ce.

Ga kuma ciwon 'yan bindiga a kai. Da farko labarin na gabashin jiha ne, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, inda aka kashe mutane fiye da 40 a kasuwa a watan Oktoban 2021. A 'yan shekarun nan abin ya gangaro kudu, ya taɓa Tureta da Kebbe da ƙauyukan Shagari. Mutumin Lambara da na ƙauyukan da ke tsakanin Bodinga da Shagari, ko ba a shiga garinsu ba, ya san wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ya san matar da aka sako bayan makonni a daji, ya san dare nawa aka kwana da takalmi a ƙafa. Irin waɗannan mutane ba mahaukata ba ne. Suna salla, suna zuwa kasuwa, suna amsa gaisuwa da "lafiya lau". Su ne mafi yawa, kuma su ne tsarin lafiyarmu bai tanadar wa komai ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma kusan dukansu a manyan birane suke. A Jihar Sakkwato ƙwararrun suna asibitin tarayya na masu taɓin ƙwaƙwalwa da ke Kware da kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Daga Lambara sai ka shiga birni, ka ratsa shi, ka fita ta arewa kafin ka isa Kware. Kuɗin motar mutum biyu, tafiya da dawowa, ya isa ya hana talaka ko da zuciyarsa ta so. A takarda an daɗe da yin alkawari. Tun 1991 manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta ce a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai ɗaukar majinyaci tamkar abin tsarewa. Doka dai ba ta haifar likita. Duk wanda ke jiran ranar da kowace mace mai ciwon damuwa a ƙauye za ta zauna ita kaɗai da ƙwararre na sa'a guda a mako, zai daɗe yana jira. Shi ya sa zancen jinya a rukuni ya cancanci a tsaya a dube shi.

Abin da ake nufi ba taron wa'azi ba ne, ba kuma lacca ba. Mutum shida zuwa goma masu ciwo iri ɗaya suna haɗuwa a rana ɗaya, wuri ɗaya, kowane mako, na tsawon makonnin da aka yanka tun farko. Akwai jagora da aka horar, amma yawancin maganar ta 'yan rukunin ce. Wanda ya fara gwada abin a likitance ma ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Joseph Pratt, likita a birnin Boston na Amurka, a 1905 ya riƙa tara talakawa masu tarin fuka da ba su da halin kwanciya asibiti, yana koya musu kula da kansu a gida. Sai ya lura cewa ganin wanda ya murmure ya tashi ya yi bayani yana ƙarfafa sauran fiye da nasa jawabin. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara ingiza abin: a asibitin soja na Northfield a Ingila sojojin da firgici ya karya sun fi ƙarfin likitocin, dole aka koma tara su rukuni-rukuni. A 1970 Irvin Yalom na Jami'ar Stanford ya rubuta littafin da har yau ake koyarwa da shi, inda ya tsara abubuwan da ke sa zaman rukuni ya yi magani.

Daga cikinsu biyu ne suka fi ba ni ma'ana in na tuna matanmu. Na farko, mai ciwon damuwa yakan ɗauka shi kaɗai ne a duniya da irin tunaninsa. Matar da ke jin haushin jaririnta, ko wadda wani lokaci take fatan kada gari ya waye da ita, tana ganin kanta a matsayin la'ananniya. Ranar da ta ji wata, mai salla da azumi kamarta, ta faɗi abu ɗaya da bakinta, rabin nauyin ya sauka, kuma wannan magani ne da babu likitan da zai iya bayarwa shi kaɗai. Na biyu, a rukuni majinyaci ba mai karɓa ne kawai ba. Wadda ta wata shida tana jin ba ta da amfani, sai ga shi ta ba wata shawarar yadda za ta tunkari uwar mijinta, shawarar kuma ta yi aiki. Ta koma gida tana da abin da ta tsinana.

To, yana aiki a ƙauyen Afirka, inda babu likita, mutane kuma ba su yi boko ba? An gwada. A 2003 Paul Bolton da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a ƙauyuka 30 na yankunan Masaka da Rakai a Yuganda, inda cutar ƙanjamau ta bar gidaje cike da zawarawa da marayu. An raba maza daban, mata daban, kowane rukuni da jagora jinsinsa, ɗan yankin da aka horar na mako biyu kacal. Sun yi zama 16, kowanne minti 90. Da aka gama, kashi 6.5 cikin 100 na waɗanda suka yi zaman ne suka rage da ciwon damuwa mai tsanani, a ƙauyukan da ba a yi ba kuwa kashi 54.7 ne. Hanyar da suka bi tana duba abubuwa huɗu da kan jefa mutum cikin damuwa: rashi, saɓani da na kusa, sauyin rayuwa, da kaɗaici. Mai karatu ya sanya sunayen gida da kansa: mutuwar ɗa, zaman kishi, sakin aure ko gudun hijira, da amaryar da aka kai wani gari mijin ya tafi ci-rani Legas ya bar ta da dangin da ba ta saba da su ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da hanyar littafin jagora mai zama takwas, wanda wanda ba likita ba zai iya bi.

Akwai gwaji biyu da suka fi kusa da halin da muke ciki. A gabashin Kwango, inda yaƙi ya bar dubban matan da aka yi wa fyaɗe, Judith Bass da tawagarta sun gwada jinyar rukuni, aka wallafa a 2013. Yawancin matan ba su iya karatu ba, sai aka sauya darussan suka zama na baka da hadda. Wata shida bayan kammalawa, kashi 9 cikin 100 ne suka rage da alamun damuwa ko fargaba mai tsanani, alhali cikin waɗanda aka ba tallafin ɗaiɗaiku na yau da kullum kashi 42 ne. Kuma an yi wannan ne hare-hare ba su daina ba. Ɗayan a kwarin Swat na Pakistan ne, ƙasar Musulmi masu kulle, wadda ta sha rikicin 'yan Taliban. Atif Rahman da abokansa sun wallafa a 2019 cewa zama biyar kawai, na koyon saita numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa ga ayyukan yau da kullum da neman mataimaki, ya rage wa mata damuwa da fargaba. Malaman lafiya mata na unguwa, waɗanda mazaje suka riga suka sani suka yarda da su, su ne ƙofar shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da wani tsari da ake kunna darussa da aka naɗa a murya ga mutum har 30 a zama ɗaya, an gwada shi da matan Sudan ta Kudu masu gudun hijira a Yuganda. Ga mutanen da suka tashi da rediyo a kunne, wannan ba baƙon abu ba ne.

Kada a cika baki. Wani babban gwaji na baya-bayan nan a Yuganda, da aka yi da 'yan mata matasa, ya samu ɗan amfani a shekarar farko, bayan shekara biyu da rabi kuma babu bambanci tsakanin waɗanda suka yi zaman da waɗanda ba su yi ba. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, shirin da ya yi kyau a ƙauye 30 ƙarƙashin idon masu bincike yakan tsinke in aka baza shi ƙauye dubu, horo ya gajarce, sa ido ya ragu. Zaman rukuni kuma ba ya cika rumbu. Matar da damuwarta ita ce babu hatsi, in ta gama zama takwas har yanzu babu hatsi.

Mu dai ba yau muka fara tara masu ciwon zuciya wuri ɗaya ba. Bori, duk abin da malamai suka faɗa a kansa, kuma sun faɗi gaskiya ta fuskar aƙida, ya daɗe yana yi wa mata wani aiki: ya ba ciwon suna wanda ba laifin mai shi ba ne, ya ba ta abokan zama masu irin nata, ya ba ta shugaba da ranar haɗuwa. Jagororin jihadi sun yaƙi bori, amma Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu wanda ya zauna a Sifawa ta ƙasar Bodinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ta gane cewa hani kaɗai ba ya isa. Matan da yaƙi ya raba da gidajensu da mazajensu suna bukatar inda za su dafa. Sai ta kafa 'Yan Taru. Kowane ƙauye da jajinsa, dattijuwa mai mutunci da aka naɗa da malfa, tana jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su koyo karatu a waƙe, su koma su koya wa matan da ke kulle, su duba marasa lafiya, su yi wa mamata sutura, su sasanta rigima. Jagora 'yar gari, horo daga cibiya, komawa cibiya a kai a kai don ƙarin ilimi: wannan shi ne ainihin ginin da masu binciken Yuganda da Swat suka ƙare a kansa, kuma an yi shi a ƙasar nan tun kafin rasuwar Nana a 1864.

A zamanin boko ma Nijeriya ta taɓa zama abin kwatance. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyatan asibitin Aro na Abekuta a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A cikin birnin Sakkwato akwai asibitin cutar noma, mai cin fuskar yara, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma take tallafa masa tun 2014. Tiyata ce babban aikinsa, amma yana da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yaran da iyayensu, kuma yaron da ya shekara yana rufe fuska da mayafi a ƙauye, a nan yake fara ganin ba shi kaɗai ba ne. Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa aiki a asibitin ta kuma zama ma'aikaciyarsa, tana cikin waɗanda suka kafa Elysium, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga cutar. Can Maraɗi kuwa a 1991 aka fara Mata Masu Dubara, adashin mako-mako mai akwati da dokoki, wanda ya bazu ƙasashe da dama. Don kuɗi aka kafa shi, amma ya tabbatar da abu ɗaya: matan karkara za su iya riƙe zaman mako-mako shekara da shekaru, su kuma hukunta wadda ta karya doka.

Ke nan taro ba shi ne abin da ya yi mana ƙaranci ba. Muna da majalisa, muna da adashi, muna da Islamiyyar matan aure, muna da da'irar wazifa da zikiri, muna da biki da suna. Abin da babu shi ne taron da za ka faɗi abin da ke cinka, ka tashi da tabbacin ba za ka ji shi a bakin rijiya ba. Nan ne duk shirin da aka ɗauko daga waje zai yi tuntuɓe in ba a yi hattara ba. Rukunin Boston ko Landan na baƙi ne waɗanda ba za su sake haɗuwa ba. A Lambara mata takwas da ka tara, biyu matan wa da ƙane ne, ɗaya ƙanwar kishiyar wata ce, ɗaya kuma ɗanta ke neman ɗiyar ta kusa da ita. An tarbiyyantar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wannan tarbiyya ba wauta ba ce. Ta tsare aure da zumunci masu yawa. Matar da aka sako daga daji ta san in abin da ya same ta ya fita, aurenta ko na ɗiyarta na iya mutuwa. Inda ake zargin akwai infoma, ko faɗin nawa aka biya da wanda ya kai kuɗin na iya jawo wani harin. Sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa kuma ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, ga tsangwamar jama'a a kai.

Saboda haka haɗa rukuni a ƙauye aiki ne na wanda ya san gidaje. Ba a haɗa suruka da matar ɗa, ba a haɗa kishiyoyi ko danginsu, ba a sa yarinya mai ɗan fari gaban sa'ar uwarta, don kunya za ta ɗaure mata baki har a tashi. Wani lokaci gara a haɗo mata daga ƙauyuka uku ranar awon ciki ko ranar kasuwa, da a tara 'yan unguwa ɗaya. Alkawarin riƙe sirri kuma kada a karanto shi daga takardar turawa. Mutanenmu sun san nauyin amana, sun san hukuncin annamimanci, kuma alkawarin da aka ɗauka da sunan Allah gaban malama ya fi sa hannu ƙarfi. A kuma bar wa kowa 'yancin yin shiru. Hanyar Swat tana da wannan fa'ida: mace za ta iya koyon dabarun duka ba tare da ta buɗe abin da ya same ta ba.

Sai batun haƙuri, wanda a ganina shi ne tsakiyar maganar. Mai adawa zai ce wannan zaman koke-koke ne, mumini kuwa Allah yake kai wa kuka. Amsar tana hannun malamai, ba likitoci ba, kuma suna da ita. Kowane ɗalibin tafsiri ya san Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba a kuma cire shi daga masu haƙuri ba. Masu sira sun sanya wa shekarar rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib sunan shekarar baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambance baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗowa babu dalili, ya kuma ba da shawarar mai shi ya nemi wanda zai yi magana da shi, ya guji kaɗaici. Haƙuri shi ne kada ka yi wa Ubangiji butulci. Ba a ce sai ka yi shiru har hawan jini ya kayar da kai ba. In liman ya faɗi haka a huɗuba ɗaya, ya yi aikin da fosta ɗari ba za su yi ba. In kuma aka tsallake shi aka shigo da shirin ta bayan gida, to a shirya jin cewa an zo lalata tarbiyyar mata. Ƙasar da ta ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a 2003 bai kamata ta sake koyon wannan darasi ba.

Maza sun fi wuya. Majalisa tana ɗaukar siyasa da farashin taki da ƙwallo, tana ɗaukar zolaya, amma ba ta ɗaukar magidancin da zai ce tun da aka kore masa shanu ba ya iya haɗa ido da iyalinsa. Kira shi zaman "masu damuwa" kuwa, ba zai zo ba. Zai fi zuwa in zaman na masu neman mafita ne kan bashi, gona da rashin barci, da jagora namiji wanda ya girme shi ko ya yi sa'a da shi. Matasa masu shaye-shaye kuma nasu daban ne. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, a 2018 ɗin kuma aka hana maganin tari mai kodin, sai tiramol da sauransu suka cike gurbin. A nan rukuni tsohon makami ne, tun ƙungiyar mashaya masu son dainawa da aka kafa a Amurka a 1935. Amma tara samari masu sha babu jagora mai ƙarfi na iya zama buɗe musu sabuwar kasuwa.

Akwai kuma waɗanda rukuni ba nasu ba ne sam, aƙalla a farko. Mai jin muryoyi, mai ganin ana binsa za a kashe shi, maijegon da ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, mai farfaɗiya, wanda ya riga ya tanadi abin da zai hallaka kansa: waɗannan magani suke bukata, da gaggawa. Jinkirinsu ne ke kai iyalai ga mari da sarƙa, irin abin da aka gani a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura. Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya nuna a wani gwaji da aka wallafa a 2020, a Ibadan da Kumasi, cewa in ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa shiga wurin masu maganin gargajiya da na addini da magani da shawara, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. Mai ruƙiyya ba abokin gaba ba ne. Shi ne wanda majinyaci ke fara gani. Wani kuskuren kuma shi ne na masu kyakkyawar niyya da kan sauka kwana biyu bayan hari, su tara mutane su ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani, su hau mota su tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da irin wannan zama na sau ɗaya, don ba ya hana firgici, yana ma iya tsananta shi. A makon farko abinci da wurin kwana da neman 'yan'uwan da suka ɓace su ne jinya.

Wa zai jagoranta? Malamar asibitin sha-ka-tafi ita ce ta fi kusa, sai dai aiki ya riga ya yi mata yawa, rigakafi da awo da haihuwa duk a kanta. Gara ta zama mai tantancewa da turawa, jagorancin zaman kuma a ba malamar Islamiyya ko dattijuwar da aka shaida ba ta da yawo da baki, a horar da ita, a kuma biya ta. Aikin sa-kai na sauraron baƙin cikin mutane ba ya daɗewa. Su kuwa 'yan rukunin, a ra'ayina kada a fara da kuɗin zama. Ƙungiyoyi sun saba wa ƙauyuka da ambulan, kuma ranar da aka ce akwai dubu biyu ga duk mai damuwa, gari duka zai kamu da ita, mai ciwon gaske kuma ta kasa samun wuri. In ana son haɗawa da abin hannu, a bari zaman takwas ya ƙare, sannan rukunin ya rikiɗe adashi. Lokaci ma a duba shi: bayan an kai gero gida, kafin ruwan farko, da hantsi bayan an gama aikin safe, da izinin maigida da aka nema ta hannun mai unguwa da liman.

Abin da ya riƙe gwaje-gwajen da suka yi nasara, wanda masu kwaikwayo kan fara yankewa don rage kashe kuɗi, shi ne mai duba jagora. Dattijuwar da ta yi horon mako biyu za ta gamu da abin da ya fi ƙarfinta, watakila tun a zama na uku: wata ta ce mijinta na dukanta, wata ta ce ta sayi maganin ɓera ta ajiye. A ranar dole ta kasance tana da lambar wani ma'aikacin jinya a Kware ko asibitin koyarwa da zai ɗauki waya, wanda dama kowane mako yana kiranta su bi 'yan rukunin ɗaya bayan ɗaya. Dole kuma babban asibitin da ke kusa ya kasance yana da 'yan magungunan farko da wanda ya iya rubuta su. In an ce a kawo majinyaciya yau, sai an samu mota da ɗan rakiya, kuma aljihun da kuɗin motar za su fito, na ƙaramar hukuma ne ko na asusun masallaci, a yanke shi tun kafin a kira zaman farko.